Sharhi: sabunta mazaunin tsohuwar kujerar Filadelfiya da gashin doki

Kujerar da aka yi wa aikin irin ta birnin Filadelfiya na Amurka ce, mara hannu, salon Chippendale da ya yi tashe a Amurka daga wajen 1755 zuwa 1790. Katakon mahogani ne, majinginarta sassaƙaƙƙiya, ƙafafun gaba sun lanƙwasa sun ƙare da ƙafar tsuntsu riƙe da ƙwallo. An kwaikwayi irinta da yawa bayan baje kolin cikar Amurka shekara ɗari da samun 'yanci da aka yi a Filadelfiya a 1876, don haka kafin ka biya kuɗin tsohuwa, leƙa bayanta: kafintocin Filadelfiya sukan bar harshen katakon gefe ya huda ƙafar baya har a gan shi daga waje.

Abin da ya fi burge ni shi ne mazaunin, firam ne daban da ake ɗagawa a cire. Duk ƙusar da za a buga, shi ke shanta, jikin kujerar ba ruwansa.

Mai gyaran ya bi tsarin da. Ɗamara, wato ƙyalle mai ƙarfi mai fasalin bel da ke riƙe nauyin mai zama, uku a tsaye, uku a kwance, an saƙa su an ja tamau, ƙusa biyar ta milimita 13 a kowane baki. Sai algarara, sai gashin doki da aka cusa ƙarƙashin zaren da aka ɗinka a jikin algararar aka baje da yatsu, akoko ya danne shi, auduga siririya ta hana gashin tsirowa, sannan yadin sama da ƙusa ta milimita 10. Zaman da ɗan tauri da farko, amma ba ya lotsawa, ba ya kuma tara zufa. Soso ya fi arha, sai dai in ya tsufa marmashewa yake, ga shi yana kumbura mazaunin ya ɓata fasalin kujerar, alhali na asali kusan a shafe yake. Sifirin ma bai dace ba, sai wajen 1830 ya shigo.

Inda aikin ya gaza shi ne kusurwa. An naɗe yadin ninki biyu ba a rage ba, mazaunin sai da dannawa yake shiga. Wannan matsi ke buɗe gaɓoɓin katako har tsohon gam ɗin fata ya saki. Tazarar milimita 2 zuwa 3 ake bari kowane gefe, a gwada tun ana matakin akoko. Ramukan tsofaffin ƙusoshi kuwa, a cike su da garin katako da gam kafin a buga sabuwa, in ba haka ba firam ɗin tsagewa zai yi.