Risiba mai "akawun" a shagunan Jos: dish ɗin ya ci kuɗinsa, akawun ɗin bai ci ba

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen Terminus ya ce yana neman dish, kusan tayi ɗaya za a yi masa: ga faranti, ga LNB (ɗan kan da ke gaban farantin yana karɓar sigina), ga waya, ga risiba, ga yaron da zai bi ka gida ya ɗaura, sannan a sassauta murya a ce, "Alhaji, wannan tana da akawun na shekara ɗaya, tana buɗe ƙwallo." Wannan haɗin ne za mu auna. Kaya biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Na farko, wato dish da tashoshin kyauta, kaya ne mai kyau in an dace da mai saiti. Na biyun kuwa, akawun ɗin, shi ne ke ƙara wa risibar tsada, kuma shi ne ke fara mutuwa.

Akawun ɗin da ake magana ba wani sihiri ba ne. Tashoshin biya suna zuwa a kulle, makullin kuma yana sauyawa kusan kowane daƙiƙa 10. A dikoda ta halal, katin da ke ciki shi ke fitar da sabon makulli nan take. A risibar akawun babu kati. Akwai wata manhaja da ke kwaikwayon kati, irin su CCcam, OSCam da MGcamd, ko kuma wadda masu ƙera risibar suka saka da nasu sunan. Manhajar tana aika tambaya ta intanet zuwa wata saba, wato kwamfuta mai ba da amsa, a wata ƙasa, inda aka soka katin gaske guda ɗaya, sabar ta dawo da makullin, hoto ya buɗe. Bayan daƙiƙa 10 a sake. Hoton daga sama yake saukowa ta dish, makullin ne kawai ke bin intanet, shi ya sa mai shago yake cewa ba ta cin data. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba yawan data ne matsalar ba. Matsalar ita ce jinkiri. In amsa ta makara da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, hoto ya ƙame, sauti ya ɗauke. Layin waya da ke tafiya lafiya da rana yakan cushe da daddare, sabar ma ta cushe daidai lokacin da kowa ya kunna, wato ranar Asabar da yamma sa'ad da ake buga Firimiya. Abin da aka saye ta dominsa shi ne abin da ta fi gazawa a kai.

Wannan ƙamewar ma ƙaramin ciwo ce. Babban ciwon shi ne ranar da tashoshin za su ɗauke gaba ɗaya. Kamfanonin ba barci suke ba. DStv na amfani da tsarin kulle na Irdeto, kuma dabarar da masu tashoshin biya suka runguma ita ce ɗaura kati da ƙwaƙwalwar dikodarsa, ta yadda makullin da ya fito ba zai yi wa wata na'ura amfani ba. Suna kuma gano katin da ake yi wa tambaya fiye da kima su kashe shi. Ranar da hakan ta faru, mai shago ba shi da abin yi, domin sabar ba tasa ba ce, bai ma san mai ita ba. Amsar da za ka samu ita ce "ana gyara daga sama, a ƙara haƙuri." Ba a rubuta akawun a rasit, ba a ba da garanti a kansa, kuɗi kuma ba ya dawowa. Wani abin lura, shekarar da ake cewa an ba ka tana fara ƙirga ne daga ranar da risibar ta fara hawa intanet. Risibar da aka daɗe ana gwada wa masu saye a kan kanta ta riga ta cinye wani ɓangare na wa'adinta, ta hannu kuwa sau da yawa wa'adin ya ƙare tuni.

Sai batun filashin. Da akawun ya tsaya, shawarar farko ita ce a sake wa risibar manhaja ta USB, da fayil ɗin da aka tsinto a WhatsApp ko Telegram. A nan risiba da yawa ke mutuwa. Kwali iri ɗaya da suna iri ɗaya ba sa nufin ciki iri ɗaya. Wata tana ɗauke da GX6605S, wata Sunplus 1506, wata Montage, kuma fayil ɗin wannan guba ne ga waccan. Ko fayil ɗin daidai ne, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, risibar za ta tsaya a kan "boot" ko jar fitila kawai. Ana iya tayar da wasu ta wayar RS-232 da kwamfuta, in har akwai kwafin manhajar asali, amma ba kowane mai saiti ne ke ajiye shi ba. Kuma manhajar da ba a san wanda ya rubuta ta ba, an jona ta da Wi-Fi ɗin gida inda wayoyin da ake shiga banki suke, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ta fuskar doka ma maganar ba ta da kwana. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta karya matakan fasaha da aka sa don kare abin da ake watsawa, ta kuma haramta sayar da na'urar da aka tanada don hakan. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke bibiyar wannan. Mai gidan kallon ƙwallo shi ya fi shiga haɗari, tunda a bainar jama'a yake nunawa yana karɓar kuɗi, ga kuma 'yan kallon da ba za su yafe masa ba in hoto ya sandare ana shirin buga fanareti. Saboda haka ba za mu kawo yadda ake saita akawun a nan ba, kuma ba mu ba kowa shawarar biyan ƙarin kuɗi a kansa.

To, ɗaya ɓangaren fa? Nan ne kuɗin mutum ke yin aiki, in an yi shi yadda ya kamata. Risibar kyauta, irin su Strong da takwarorinta, tana kama tashoshi masu yawa ba tare da biyan ko sisi a wata ba. Sharaɗi ɗaya kada a sassauta: a duba jikin kwalin a ga DVB-S2 da H.265, wanda kuma ake rubutawa HEVC. Tsohuwar risiba mai MPEG-2 kaɗai ba ta ganin yawancin tashoshin yau, mai H.264 kaɗai kuma takan kawo sunan tasha da sauti amma allo baƙi ƙirin. Mutane kan ɗauka tashar a kulle take, alhali risibar ce ba ta iya karanta hoton. A gwada a shago kafin a biya, a kan dish ɗin mai shagon. A ɗaga adaftar a ji nauyinta. Risibar 12V mai jan LNB biyu ko uku tana son adafta mai 2A, kuma adafta mai rauni takan sa tashoshin Horizontal (masu sigina a kwance) su ɓace na Vertical (masu sigina a tsaye) su tsaya, domin na farkon 18V suke buƙata, na biyun 13V.

Jos tana kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, digiri 9 gabas, don haka taurarin ɗan'adam da muke nema kusan a tsakar ka suke. Eutelsat 16A da ke digiri 16 gabas, inda masu neman tashoshin Hausa suka fi juyawa, yana kudu maso gabas, ɗagawarsa wajen digiri 76. Astra da ke 28.2 gabas, mai ɗauke da tashoshin Ghana da na Najeriya, wajen digiri 65 ne. Badr na Arabsat a 26 gabas wajen 67, Nilesat a 7 yamma wajen 68 ta kudu maso yamma. Waɗannan biyun su ake nema don tashoshin Larabci da na Makka da Madina kai tsaye. DStv kuma a 36 gabas take, wajen digiri 56. Farantin da aka fi sayarwa hannunsa a ƙasa yake, yana kallon sama fiye da yadda ido ke gani da digiri ashirin da 'yan kai, don haka kada a yi mamaki in fuskarsa ba ta miƙe sama sosai ba. Santimita 90 ya wadatar ga taurarin da haskensu ke kan Afirka ta Yamma. Nilesat da Badr kuwa an tsara su ne don ƙasashen Larabawa, mu a gefen hasken muke, don haka wanda ya ce zai kama maka su da ƙaramin faranti su zauna daram har damina, yana so ne ya sayar da abin da ke hannunsa. Babban faranti suke so, irin mai mita 1.8.

Inda ake gane gwani da ɗan koyo shi ne murɗa LNB. A Turai ɗan karkatarwa kaɗan ake yi, bidiyoyin koyarwa da yawa kuma daga can suke. A nan, saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, murɗawar babba ce: wajen digiri 35 ga 16 gabas, wajen 60 ga 28.2 gabas, kusan 70 ga 36 gabas, ta yadda bakin wayar LNB ɗin zai koma gefe maimakon ƙasa. Nilesat kuma ta ɗaya ɓangaren ake murɗawa. Yaron da ya bar LNB a miƙe zai iya samun wasu tashoshi, amma Horizontal da Vertical suna shiga juna, kuma da hadari ya haɗu komai ya tafi. A tsaya a kansa ya buɗe shafin sigina. Layi biyu ne, Strength da Quality. Na farkon yana nuna cewa LNB na samun wuta ne kawai, ko bango dish ke kallo zai iya cika. Na biyun shi ne gaskiya. A sa shi ya motsa farantin hagu da dama a hankali, sannan sama da ƙasa, sannan ya murɗa LNB, sannan ya tura shi gaba da baya cikin zobensa, kowanne har sai Quality ya kai ƙarshen hawansa. A ɗaure kusoshi bi da bi ana kallon allo, don ɗaure gefe ɗaya tamau yana janye farantin daga inda aka saita shi.

A cikin risibar, LNB na Ku, wato zangon siginar da ƙananan faranti ke kamawa, a sa shi a Universal, 9750 da 10600, 22K a kan Auto. Kuskure a nan yana ɓatar da rabin tashoshi. Mai babban faranti na C-band lambarsa 5150 ce. In tauraro ya wuce ɗaya ana sa DiSEqC, ɗan akwatin da ke haɗa LNB da yawa da risiba ɗaya, 1.0 mai baki huɗu, kuma dole lambar bakin da aka soka waya ta dace da wadda aka zaɓa a menu. Kada a soka ko a zare shi risiba na kunne, nan da nan yake ƙonewa. Daga nan a yi Blind Scan a zaɓi FTA kawai, wato tashoshin kyauta, in ba haka ba jerin zai cika da ɗaruruwan tashoshi masu alamar dala waɗanda ba za su buɗe ba. Tashoshin kyauta suna yawan ƙaura daga wannan mita zuwa waccan, saboda haka in wata ta ɓace a fara da sake sikanin kafin a kira kowa ya hau rufi.

Shagunan sun fi yin rowa a waya da ƙarfen ɗauri, kuma a Jos waɗannan biyun ne ke yanke hukunci. Wayar RG6 ce ake so. Mai arhar cikinta ƙarfe ne da aka shafa wa jan ƙarfe. A kanga mata maganaɗisu, in ta kama to ita ce. Tana aiki a gajeren zango, amma in tsawon ya doshi mita 30 wuta na raguwa kafin ta isa LNB, in ruwa ya shiga kuma ta yi tsatsa. Wajen sa kan F, wato bakin ƙarfen da ake murɗawa a ƙarshen wayar, ko gashi ɗaya na ragar waje ya taɓa tsinken tsakiya risiba za ta rubuta LNB Short. A naɗe mahaɗin waje da tef mai manne kansa, a bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Kada a yarda a kafa faranti a kan kwanon rufi ko katakon baki. Iskar farkon damina a Filato tana girgiza su, kaucewar digiri ɗaya ko biyu kuma ta isa ta kashe sigina. Bangon bulo da kusoshi masu buɗewa huɗu, ko turken ƙarfe da aka zuba wa kankare ya tsaya cak, su ne daidai. Farantin 16 gabas da yake kusan a kwance yake, yana tara ruwa da ƙanƙara, murfin LNB kuma yakan tsage da rana da sanyin hunturu, a riƙa duba shi.

Ɗaukewar hoto lokacin ruwa mai ƙarfi halin Ku ne, har DStv ba ta tsira ba, yana dawowa da kansa. Haka wajen watan Maris da Satumba rana kan tsaya daidai bayan tauraro ta ɗauke sigina na 'yan mintuna. Tsawa ce abin tsoro. Ba a cika ganin mai saitin da ke ja wa farantin wayar ƙasa ba sai an nema, to a nema, a kuma zare wayar dish da ta wuta in hadari ya taso da walƙiya.

Wanda ƙwallon Turai ce ta kawo shi, hanyar da ke zaune ita ce DStv, GOtv ko StarTimes gwargwadon aljihu da gasar da yake so, mai gidan kallo kuma ya yi rajistar kasuwanci da kamfanin tashoshin. Akwai kuma FreeTV mai eriya, wadda a Jos aka fara ƙaddamar da ita ranar 30 ga Afrilu, 2016, sai dai duwatsu na tare wa wasu unguwanni sigina, don haka a tambayi maƙwabci mai irinta kafin a saya. Wanda kuma labarai, wa'azi, finafinan Hausa da tashoshin yara yake so, ya ce wa mai shago ya cire kuɗin akawun daga lissafi, ya mayar da shi kan waya mai jan ƙarfe zalla, LNB mai kyau da turke, ya kuma sa a rubuta masa lambar risibar da kwanakin garanti a rasit.