Jirgin ruwan tsibiran Istanbul: yawon mai ƙaramin aljihu

Ni Bakano ne, ruwan da na sani bai wuce na Tiga ba, shi ma daga bakin gaɓa nake gaishe shi. Shi ya sa da ɗan ƙanwata da ke karatu a Istanbul ya ce mu shiga jirgin ruwa mu zaga tsibirai, na ce ya rufa mini asiri. Kaya na zo saye a Laleli, na gama ciniki, na miƙa wa masu kago, saura kwana uku jirgina ya tashi, abin da ya rage a aljihu kuma na tsaraba ne. Sai yaron ya ce, "Kawu, kuɗin jirgin nan bai kai abin da ka ba mai tasi jiya ba." Nan ya kama ni.

Jiragen na hukumar birni ne, sunan kamfanin Şehir Hatları. Babu sayen tikiti tun da wuri, babu zaɓen kujera. Katin nan na Istanbulkart da ake hawa taragon cikin gari da bas, shi za ka ɗora a ƙofar shiga, ƙarfe ya juya ka wuce. Ana sayensa a na'urorin da ke tashoshi, kuma kati ɗaya ya ishi mutum biyu, sai dai a ɗora sau biyu. Daga Laleli tarago ɗaya muka hau, T1, ya bi ta Sultanahmet da Eminonu ya sauke mu a ƙarshen layinsa, Kabatash, ga tashar jirgin nan a gabanmu. Kuɗin zuwa tsibirai ya fi na tsallaka Bosforus, mashigin ruwan da ya raba birnin gida biyu, amma duk da haka bai kai farantin abinci ɗaya a can tsibirin ba. Lira ba ta zama wuri ɗaya, don haka mutum ya zuba kuɗi a katin da ɗan rara kafin ya shiga layi.

Jirgin katoto ne, fari, hawa-hawa, da kujerun ciki da bencinan waje. Tsoron da na taho da shi bai kai Kadikoy, tashar da ke tsallaken birnin ta ɓangaren Asiya, ba ya watse, domin tekun Marmara a watan Yuli kwance yake, girgizar ba ta kai ta babbar mota a hanyar Zariya ba. Shawarata ga mai zuwa: ka zauna waje, hannun dama. Da jirgin ya ɗaga za ka ga fadar Topkapi da Aya Sofiya da hasumiyoyin masallacin Sultanahmet sun jeru kamar an shirya maka su. Akwai masu biyan kuɗi mai kauri a jiragen 'yan yawon buɗe ido don wannan kallon. Mu da katin bas muka yi shi.

Cikin jirgin kuwa gari ne guda. Akwai ɗan shagon shayi, ana zuba shi a ƙananan kofunan gilas masu tsukakken ƙugu, ja wur, babu madara, da sukari ƙwaya biyu a gefe. Kowa da simit ɗinsa, wato burodin nan mai kamar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi. Rabi mutum ya ci, rabi na tsuntsaye. Fararen tsuntsayen teku suna bin jirgin tun daga gari, ka gutsura ka jefa, kafin ya taɓa ruwa wani ya cafe. Wata tsohuwa kusa da ni ko jefawa ba ta yi, ɗaga hannu kawai take yi su zo su fizge. Na gwada, da tsuntsun ya nufo ni da baki buɗe na saki burodin na janye hannu, yaron nan ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Sai ga wani dattijo da jaka ya tsaya tsakiyar mutane ya fara zuba. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma nan take na gane shi: mai tallan magani ne na cikin motar Kano zuwa Legas, harshe kawai ya canza. Shi ɗan abin matse lemon tsami yake sayarwa, na roba, kamar bututu. Ya murɗa shi cikin lemo, ya matsa, ruwa ya tsiyaya cikin kofi, ya ɗaga wa jama'a su gani, ya ƙara matsawa, ruwan bai ƙare ba. Ɗan kasuwa ba ya ganin gwanin talla ya ƙyale. Na sayi biyu.

Tsibiran tara ne, amma huɗu jirgin ke bi a jere: Kinaliada, Burgazada, Heybeliada, sannan Buyukada, wadda ita ce babba, ma'anar sunan ke nan ma. Daga Kabatash zuwa ta ƙarshen wajen awa ɗaya da rabi ne, tsakanin tsibiri da tsibiri kuwa kwata ko ƙasa da haka. Turawa na ce musu tsibiran 'ya'yan sarki, ba don daɗi ba: a zamanin Rumawa nan ake jefar da ɗan sarautar da aka tsige. Sarki Romanos da ya sha kashi a hannun Turkawa a Manzikat a 1071, mutanensa ne suka ƙwaƙule masa idanu suka kai shi Kinaliada, can ya mutu.

Kusan duk jirgin Buyukada ya nufa. Mu muka sauka a Heybeliada, kuma ita ce ta fi kwanta mini. Sunan daga mangala ya fito, don tuddanta daga nesa kamar mangalar da aka aza wa jaki suke. Kana sauka ga ginin makarantar sojan ruwa a gefen tasha, can saman tudu kuma tsohuwar makarantar limaman Kiristocin Girka da aka rufe tun 1971. Abin da ya fara dukan kunnena shi ne shiru. Ba a yarda da motocin mutane a tsibiran ba. Da keken doki ake yawo, har aka hana shi a 2020 bayan cuta ta yi ta kashe dawakin, aka kawo ƙananan motoci masu lantarki. Mutumin da ya rayu cikin ƙarar Adaidaita Sahu, idan ya ji takun ƙafarsa a kan titi sai ya ɗauka kunnensa ne ya toshe. Muka haura cikin itatuwa masu ƙamshin ƙaro, muka wuce tsofaffin gidajen katako, kyanwa a kowace ƙofa, ba mu kashe ko sisi ba sai na ruwan sha.

Buyukada ce ta ci mini kuɗi, kuma da hannuna na miƙa. Wurin na da kyau, ba ƙarya. Tashar jirginta kanta abin kallo ce, da dandalin agogo, da manyan gidajen attajiran da. A nan Trotsky, ɗaya daga jagororin juyin juya halin Rasha, ya zauna daga 1929 zuwa 1933 bayan Stalin ya kore shi. Mun yi azahar da la'asar a masallacin Hamidiye da Sarki Abdulhamid na biyu ya gina, ɗan hawa kaɗan daga kasuwa. Bayan salla yunwa ta ja ni zuwa wani gidan kifi a bakin ruwa. Yaron ya ja rigata ya ce, "Kawu, mu shiga lungu." Na ce sau nawa mutum zai zo nan a rayuwarsa? Ban tambayi farashi ba, ni da nake taya ɗinkin riga sau uku. Aka kawo ƙananan faranti da ban nema ba, na ɗauka karamci ne, ashe kowanne da layinsa a takarda. Kifin kuma da kilo aka auna. Abin da na biya a zama ɗaya ya ninka duk kuɗin jirginmu na ranar sau da yawa. Kifin ya yi daɗi, amma ba daɗin wannan kuɗin ba. Saura hawan tudun Aya Yorgi da kowa ke yabo, na kalli gangaren, na kalli cikina, na ce Allah ya ba masu ƙafa sa'a.

Washegari ni kaɗai na koma, da simit da cuku da tumatur a leda da gorar ruwa babba. Burgazada ƙarama ce, babu hayaniya, na zauna a benci ina kallon masunta suna gyaran raga har jirgi na gaba ya zo. Kinaliada kuma daga lalle aka samo sunanta saboda jar ƙasarta. Inuwa ba ta da yawa, masu wanka sun cika gaɓa tun daga bakin tasha, don haka mai tafe da iyali ya san irin shigar da zai tarar. Ban daɗe ba. Da wani zai tambaye ni, tsibiri biyu sun isa yini guda. Duk sauka da hawa sai ka sake ɗora kati, kuma idan jirgi ya kuɓuce maka sai ka zauna jiran wani, don haka ka ɗauki hoton jadawalin da ke manne a tasha. Ranakun Asabar da Lahadi na bazara rabin Istanbul can yake kwarara, mutum zai iya yin tafiyar duka a tsaye. Mu Talata da Laraba muka je, har da miƙe ƙafa.

Jirgin yamma na biyo na dawo, rana na faɗuwa ta bayan hasumiyoyi, shayi a hannuna, jakar leda babu komai. Abin matse lemon nan kuwa, da na iso gida na ba uwargida ɗaya. Ta murɗa shi a lemon tsaminmu na Kano, sai ya huda ya fito ta ɗaya gefen, don namu ƙanana ne. Yanzu a lemon zaƙi take amfani da shi.