Nafkin na wankewa a madadin famfas: yadda na same shi

Tsadar famfas ce ta kai ni ga nafkin na wankewa. Duk mai goyo a Najeriya ta san yadda abubuwa suka juya tun daga 2023. An cire tallafin mai a watan Mayu, darajar naira ta zube, a watan Disamba kamfanin Procter & Gamble mai yin Pampers ya sanar da cewa zai daina sarrafa kaya a ƙasar nan, sai dai ya riƙa shigo da su daga waje. A 2024 kuma Kimberly-Clark mai Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Shi kuwa jariri sabon haihuwa yana iya ɓata famfas 8 zuwa 12 a yini, ko akwai kuɗi ko babu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tsadar ta sa iyaye mata suka koma ƙirga. Za ki ga uwa ta latsa famfas ɗin yaro ta ce, "Bai cika ba tukuna, bari ya ƙara." Yaro ya wuni cikin guda biyu a zafin Kano, matsematsinsa ya yi ja, wani har ya saɓule. Ban ga laifin uwar ba, domin na san lissafin da take yi a zuci. Amma ban so 'yata ta zauna cikin fitsari don ana tattalin fakiti.

Iri biyu na gwada. Akwai tsohon nafkin da muka sani, farin tawul mai kusurwa huɗu da ake ninkewa a ɗaura, a kama da fil, a ɗora wandon roba a kai. Akwai kuma na zamani da masu kayan jarirai suke kawowa, yawanci daga Chana: ɗan wando ne mai layin maɓallai a gaba, ana matse shi ko a saki gwargwadon girman yaro, don haka guda ɗaya yana iya raka shi daga watannin farko har ya fara hawa fo. Bayansa ba ya fitar da ruwa, cikinsa yadi ne mai laushi, a tsakani kuma akwai aljihu da ake cusa tsumman da zai tsotse fitsarin.

Wandon kansa na yaba da shi ƙwarai. Babu fargabar fil ya soki yaro, ba ya yin taurin nan da wandon roba yake yi har ya yanki cinya, kuma ko wanda bai saba da raino ba zai iya ɗaura shi. Matsalata tana wurin tsumman da ake haɗowa da shi, wanda ake kira maikurofaiba. Yana shan ruwa da sauri, amma da zarar an matse shi sai ya sako abin da ya sha, kamar soson wanke-wanke. Wanda ya tsara shi bai yi tunanin goyo ba. Ina goya yarinya in ja zani in ɗaure majanyi, ba da jimawa ba sai in ji ɗumi yana bin gadon bayana, alhali ban daɗe da canza mata ba. Kuma ba a barin irin wannan tsumman ya taɓa fatar yaro kai tsaye, saboda yana busar da ita; dole ya zauna cikin aljihun.

Innata ce ta warware mini wannan. Ta ɗauki wandon ta juya shi, ta ce, "Ke 'yar nan, da me kike zaton muka raine ku? Kawo farin nafkin ɗin can." Ta ninka shi gida uku ta cusa a aljihun. Auduga ba ta shan ruwa da saurin maikurofaiba, amma tana riƙe abin da ta sha ko an danne ta. Tun daga nan abin da nake yi ke nan: wandon zamani a waje, tsohon nafkin na auduga a ciki. In zan daɗe da goyon sai in haɗa biyun, maikurofaiba a sama, auduga a ƙasa. Tsohon zanin atamfa da ya sha wanki ya yi laushi ma yana yi, in an yanka an kalmashe bakinsa.

Wanki shi ne ainihin kuɗin da ake biya, kuma duk wadda ta ce miki ba aiki ba ne ba ta gaya miki gaskiya ba. Lokacin da yarinya take nono zalla abin da sauƙi, don kashin mai shan nono yana narkewa a ruwa, ɗauraya ɗaya ya fita. Da ta kai wata 6 ta fara shan kunu, sai labari ya canza: sai an kankare a masai kafin a kai ga bokiti. Ina ɗauraye kowanne da ruwan sanyi da zarar na cire, in jefa a bokiti mai murfi, in wanke da safe da garin sabulu, in ɗauraye har sai kumfa ta ƙare sarai. Wannan ɗaurayar ta ƙarshe ita ce mai cin ruwa, kuma ita ce ba a yi wa ha'inci. Sabulun da ya maƙale a tsumma shi ke kawo zarni mai hawa ido, shi kuma ke fito wa yaro da ƙuraje. Farin nafkin yana jure tafasasshen ruwa, amma wandon ba ya so: ruwan zafi da bilic da dutsen guga suna ɓata shafen da ke hana shi yoyo, suna kuma kashe robar cinya.

Saboda haka kafin ki saya, dubi ruwan gidanku. Mu muna da rijiya a tsakar gida, shi ya sa lissafin ya fita. Wadda take sayen kowace jarka a wurin 'yan ga-ruwa, musamman da bazara in kuɗin kura ya hau, ta zauna ta haɗa kuɗin ruwa da na sabulu tukuna. Kuma a yi maganar da maigida tun farko. Shi ne zai ga sauƙi a aljihunsa, ke kuma hannunki ne zai shiga ruwa, don haka adalci ne ya ɗauki nauyin ruwan da sabulun, in da hali har da mai taya wanki. Mai jegon da ba ta yi arba'in ba, ban ba ta shawarar ta fara ba sai in akwai mai wanke mata.

Ranarmu kuwa babbar kadara ce. Tabon kashi mai ruwan ɗorawa da ya ƙi fita a wanki, in aka shanya shi a jiƙe da hantsi, kafin azahar ya ɓace. Da hunturu komai yana bushewa nan da nan, sai dai ƙura, kuma tawul ɗin yana yin tauri sai an murza shi da hannu. Damina ce mai wuya. A watan Agusta sai hadari ya kwana biyu a sama, igiyar ɗaki ta cika da tsummoki masu danshi, a lokacin ne ake gane amfanin samun wajen guda 20 maimakon biyar ko shida. Kada a shanya a ƙasa ko a inuwa. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke yin ƙwai a kan jiƙaƙƙen tufa mai warin fitsari, tsutsar ta shige fata ta yi kumburi kamar maruru. Shanya a igiya cikin rana da goge tsummokin auduga da dutse mai zafi suna maganin wannan.

Game da fatar yarinya, na ga bambanci, amma ba zan ce yadi ne ya yi wani abin al'ajabi ba. Famfas yana da wani sinadari da ke mayar da fitsari kamar ƙulli-ƙullin jel, shi ya sa yaro ba ya jin lema. Nafkin ba ya ɓoye komai. Tana jiƙewa za ta yi ƙorafi, dole in canza duk bayan awa 2 ko 3, in wanke mata da ruwa, in bar ta ta sha iska kaɗan. Yawan canjin nan ne ya gyara fatar, kuma na iya yin sa ne don ba na ƙirga kuɗi a kowane canji. Basilin mai yawa yana toshe yadin cikin wandon har fitsari ya riƙa zamewa ta gefe, don haka ɗan man kaɗanya nake shafa mata, kaɗan sosai.

Akwai batun tsarki ma. Nafkin ya fi famfas saurin taɓa tufafin uwa. Malamanmu na Malikiyya sun yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya same ta in tana iya ƙoƙarinta na kiyayewa, sun kuma so ta keɓe tufafin salla. Na ware zani da hijabi guda na rataye su daban, hankalina ya kwanta.

Ban rabu da famfas gaba ɗaya ba. Da dare, da ranar zuwa asibiti rigakafi, da gidan biki ko doguwar tafiya a mota, shi nake sa mata, domin yawo da jiƙaƙƙen tsumma a leda cikin jaka ba daɗi, kuma barcin yaro da na uwa suna da haƙƙi. Ko da haka, fakitin da a da bai fi 'yan kwanaki ba yanzu yana daɗewa sosai, abin da muke kai wa bola kuma ya ragu, ga shi dama famfas na cikin abubuwan da ke toshe mana kwatoci da damina.

In za ki saya, ja robar cinyar ki ga ko tana komawa da ƙarfi, ki ɓalle maɓallan ki mayar ɗaya bayan ɗaya, ki ɗaga wandon a haske ki duba ko shafen cikin ya tsage. Ɗauki mai maɓalli, kada ki ɗauki mai mannewa, don mannen yana tara zare a wanki ya daina kamawa, kuma yaro in ya yi wayo da kansa yake ɓanɓarewa. Fara da guda uku ko huɗu ki ga yadda suka zauna a cinyar ɗanki kafin ki ƙara, saboda yaro mai siraran cinyoyi wani ɗinkin yana bar masa kafa a gefe.