Injin analog ko manhajar kwamfuta: amsa ga ƙanenmu na Unguwar Rogo

Ƙanena, ka tambaye ni wanne za ka ɗauka don haɗa sautin kiɗa mai kauri: injin analog ɗin da aka yi maka tayi, wato na'urar haɗa sauti (synthesizer) mai aiki da zallar lantarki, ko manhajar kwamfuta mai yin wannan aikin irin su Vital ko Serum. Ɗauki manhajar, kuɗin ka sa su a sifiku masu kyau. Na bi ta hanyoyin biyu, ɗaya har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Kaurin sautin nan da kake ji a kiɗan wasu, osileta biyu ne ko fiye, wato masu haifar da sautin, ake ɗan gotar da su da juna. Tazarar da ke tsakanin maɓallin piyano da na kusa da shi an raba ta gida 100, kowane gida sunansa sent. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne a bar osileta ta farko a wurinta, a ɗaga ta biyu sent 12. Kunne kuwa tsakiyarsu yake kamawa, sai kiɗan gaba ɗaya ya haura da wajen sent 6, mawaƙi ya yi ta kokawa bai san da me yake faɗa ba. In an sa masa Auto-Tune, manhajar gyara muryar mawaƙi, abin ya fi muni, don shi yana jan murya ne zuwa daidai kan ki (key), wato ainihin matakin sautin waƙar, kiɗan kuma yana gefe. Maganin shi ne ka raba gocewar: ɗaya sama da sent 6, ɗaya ƙasa da sent 6. Tsakiya ta zauna daram. A kan sautin A mai bugu 440 a daƙiƙa, wannan tazarar tana ba ka kaɗawa kusan sau 3 a daƙiƙa, daidai daɗin kunne.

A nan manhaja ta sace min zuciya. Bara da damina wata baiwar Allah ta zo situdiyo za ta yi waƙar bikin ƙanwarta, saura kwana biyu ɗaurin aure, ta ce amshin ya yi mata "siriri kamar tsinke". Na buɗe Vital, na sa osileta ɗaya ta fitar da muryoyi 7, wato kwafi bakwai na sautinta. Ka lura, bakwai na ce, ba shida ba: in adadin mara ne, murya ɗaya tana tsayawa a tsakiya ta riƙe ki, sauran su kewaye ta, uku sama uku ƙasa. Dabarar da kamfanin kayan kiɗa na Roland ya yi suna da ita ke nan a injinsa JP-8000. Na rage ƙarfin na gefen kaɗan, na kunna. Sai da ta miƙe tsaye. Bayan wata uku ta dawo a sauya sunan amarya don wani bikin, na buɗe fayil ɗin, sautin yana nan ko sent ɗaya bai motsa ba. Muryoyi har 16 Vital yake iya ba ka, amma kada ka zaƙe. In gocewar ta wuce sent 20 zuwa 25 ta fara zama kukan kyanwa.

Bes kuma, wato sautin can ƙasa mai nauyi, kada ka taɓa shi. Waccan tazarar ta sent 12, a can ƙasa inda bugun yake 55, sai bes ɗin ya riƙa lumewa yana dawowa duk bayan kusan daƙiƙa uku. A sifikar biki kamar wani ne ke wasa da waya. Osileta ɗaya tak, a tsakiya.

Injin analog fa? Sautinsa da ɗumi, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma zafi da sanyi suna motsa shi, shi ya sa tun injin Minimoog na 1970 aka sa maɓallin A-440, mai fitar da tsayayyen sautin A, don makaɗi ya riƙa daidaita injin da shi. To kai da ke Jos, da safiyar hunturu? Nawa na hannu na saya, sai ya yi wajen minti ashirin yana ɗumama, in an ɗauke wuta a koma farko. Ga shi ba ya ajiye sauti. Yana nan a kwali.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu cewa "daga waje ya zo, garau yake". In har ka nace sai injin, a kunna shi gabanka rabin awa, ka ɗora masa ma'aunin sauti na wayarka, ka danna A ta ƙasa da A ta sama. In ɗaya ta zauna ɗaya ta goce, gyara ne a gabanka, ka ba shi abinsa. Haka masu yawo da filash suna sayar da manhajar sata a matsayin ta asali, wani lokacin har da ƙwayar cuta a ciki. Vital akwai na kyauta a shafinsu, kada ka ba kowa ko sisi. Fara da shi. Serum sai aiki ya fara kawo kuɗi.