Injin zuƙe majina mai caji: ya fitar da mu kunya, amma da sauran magana

Ɗana an haife shi ba hanci, wurin a shafe yake. Likitan da ya duba shi a asibitin Shika da ke Zariya ya ce irinsa da aka taɓa rubutawa a duniya ba su kai 100 ba. Da yake jariri da hanci yake numfashi, sai aka huda masa maƙogwaro aka sa ɗan bututu, aka ce mu nemi injin zuƙe majina kafin a sallame mu. Babansa ya samo wannan mai cajin a Sabon Gari.

Da farko na raina injin, ɗan mitsitsi, ga ƙara kamar keken ɗinki. Sai wani dare cikin hunturu. Hanci ne ke jiƙa iska kafin ta sauka ƙirji, shi kuwa busasshiyar iskar Zariya kai tsaye take shigar masa, majinar ta yi kauri kamar ƙaro. Ƙarfe biyun dare, ba wuta tun magariba. Yaro mai bututu kukansa ba ya fita, wutsil-wutsil ɗin ƙafarsa ne ya tashe ni. Leɓensa har ya soma duhu. Na ce, "Malam, haska mini!" Hannuna na rawa na danna, wallahi injin nan ya tashi kamar da wuta, zuƙa biyu toshiyar ta fito, yaro ya ja numfashi. Kafin asuba na kunna shi sau huɗu, batirin bai gaza ba. Ranar, ko nawa aka ce in ƙara zan biya.

To amma da na tuna robobin zuƙar da aka haɗo mana sai raina ya ɓaci. Lamba 12 ce, ta manya, alhali 6 nas ta rubuta. Da Malam ya koma, mai shagon cewa ya yi, "Alhaji, ai duk ɗaya ne." A wuyan jariri! Sai da muka zaga kemis-kemis daga Tudun Wada har Samaru kafin mu samu.

Ga murfin kwalbar da majinar ke taruwa ya tsage a wata na uku, iska na shiga, ƙarfin zuƙar ya ragu, kuma wai ba a sayar da murfin shi kaɗai. Yanzu salatif na naɗa masa, kullum kafin in kwanta sai na gwada shi a kofin ruwa.