Kestrel 5700 Elite: ta gama da sama da ƙasa, ta bar maka hagu da dama

Duk wanda ya taɓa leƙa filin harbin nesa a nan Amurka ya ga wani ɗan abu rataye a wuyan kusan kowane maharbi, mai kamar tsohuwar wayar hannu, da 'yar farfela a kansa. Ita ce Kestrel, na'urar auna yanayi ta kamfanin Nielsen-Kellerman da ke jihar Pennsylvania. Tawa ita ce 5700 Elite, wadda aka ɗora wa lissafin tafiyar harsashi na kamfanin Applied Ballistics. Na jima ina aiki da ita, ta sha rana ta sha ƙura a hannuna, kuma 'yan uwa da dama da ke nan Houston sun tambaye ni ko ta cancanci kuɗinta, wajen dala 700 lokacin da na saye ta. Amsata a taƙaice: ta cancanta, amma ba ga kowa ba, kuma ba don abin da yawancin mutane ke sayenta dominsa ba.

Ni ba ɗan gasa ba ne, ban kuma taɓa aikin ɗamara ba. Ma'aikacin ofis ne da ke fita ƙarshen mako ya kwanta rubda ciki a kan tabarma yana neman buga farantin ƙarfe da ido ba ya iya gani sai da madubin hange na kan bindiga. Bindigata Ruger Precision Rifle ce mai cin harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Ƙwayar da nake harbawa giren 140 ce, kimanin giram 9 ke nan, tana barin bakin bindiga da gudun wajen ƙafa 2,700 a sakan ɗaya. Sunan Creedmoor ɗin ma na wani tsohon filin harbi ne a tsibirin Long Island, inda Amurkawa suka kara da 'yan Ireland a 1874 a tazarar yadi 800, 900 da 1,000, suka ci da maki 934 da 931. Mutanen nan ba su da madubi irin namu, balle na'urar lissafi. Nakan tuna da su duk ranar da na ga kaina ya fara kumbura.

Ga matsalar da na'urar ke warwarewa. Harsashi yana fita daga bindiga ya fara faɗuwa, iska kuma tana cin gudunsa. A yadi 100 ba ka damu ba. A yadi 1,000 kuwa, harsashina yana shafe kusan sakan ɗaya da rabi a hanya, kuma yana sauka wajen mita 8 ƙasa da inda madubi ke kallo. Dole ka murɗa kan madubin sama gwargwadon wannan faɗuwa, mu kuma da miliradiyan muke aunawa: guda ɗaya yana daidai da santimita 10 a mita 100, ko mita ɗaya cur a mita 1,000. Tawa tana neman tsakanin 8 da 9 a yadi 1,000. Wannan "tsakanin" shi ne duk rigimar, domin farantin da nake nema faɗinsa bai wuce rabin mita ba.

Abin da ke motsa lambar shi ne kaurin iska. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau, ta kan tudu ta fi ta bakin teku sakayau, harsashi kuma ya fi ratsa sakayau cikin sauƙi. Kestrel tana auna zafi, da nauyin iska, da laima a daidai inda kake kwance, ta haɗa da bayanan bindigarka, ta ba ka lamba ɗaya ka murɗa. A nan ne ta burge ni ƙwarai. Houston kusan daidai take da teku. Na ɗauki bindigar nan da harsashi iri ɗaya zuwa Raton a jihar New Mexico, inda cibiyar harbi ta Whittington take, garin da tsayinsa ya kai wajen mita 2,000. Lambar da ta ba ni a can ta yi ƙasa da ta gida da kusan miliradiyan guda. Na ɗan yi jim, don takardar lambobin da na saba da ita a gida ta ce ba haka ba. Na bi na'urar, harsashin farko ya sauka a tsayin farantin daidai. Da takardar na bi, da ya wuce ta samansa da kusan mita guda, ba zan ma ga inda ya faɗi ba.

A wannan cibiya ake gasar King of 2 Miles tun 2015, inda faranti na ƙarshe ke wajen mil biyu, yadi 3,500 da 'yan kai. Can manyan harsasai ake ji da su, irin .375 CheyTac da .416 Barrett, ba irin nawa ba. Su ma idan ka duba wuyansu, na'urar nan ce dai.

Sai dai tana da sharaɗi, ba ta kuma sassauta shi: abin da ka ba ta da shi za ta yi maka lissafi. Mafi muhimmanci shi ne gudun harsashi. Lambar da ke jikin kwali an auna ta ne da bututun gwaji na kamfani, ba da naka ba. Bambancin ƙafa 50 a sakan, wanda ba abin mamaki ba ne tsakanin bindiga da bindiga, yana ɗaga harsashi ko ya sauke shi da fiye da ƙafa guda a yadi 1,000. Na ga mutane suna zagin na'urarsu alhali lambar kwali suka zuba mata. Ni da Garmin Xero C1 nake aunawa, 'yar ƙaramar rada da ake ajiyewa kusa da bindiga, in harba goma in ɗauki matsakaici. Albarushi kuma yana da halinsa, da zafi ya fi kuzari, don haka akwai wurin da za ka shigar da gudun da ka samu da sanyin safiya da wanda ka samu da tsakar rana, ita ta cike tsakani. Haka tsayin madubi daga bututu, da yawan murɗin da ke cikin bututun, da tazarar da ka yi saiti. Ka sa ma'auni ka auna, kada ka yi kintace.

Wanda ya kafa Applied Ballistics, Bryan Litz, injiniyan ƙere-ƙeren jiragen sama ne, ya kuma daɗe yana aiki da kamfanin harsashi na Berger. Abin da suka yi da ya bambanta su shi ne bin harsasai ɗaya bayan ɗaya da rada suna rubuta yadda kowanne ke rage gudu a hanya. Tsohuwar hanya ita ce a kwatanta harsashinka da wani samfuri, G1 mai faffaɗan gindi ko G7 mai siririn gindi wanda ya fi kama da na harbin nesa. A ƙasa da yadi 800 ban ga bambancin da zai hana ni barci ba. Bambancin yana fitowa ne inda harsashi ya gaji, gudunsa ya sauko kusa da gudun sauti, wajen ƙafa 1,125 a sakan. Nawa yana shiga wannan yanki bayan yadi 1,200 zuwa 1,400, ya danganta da yanayi. Daga nan zuwa mil guda, yadi 1,760, sai a hankali. Harsashin yana shafe fiye da sakan uku a sama, madubi yana neman fiye da miliradiyan 20, ƙarar farantin ma ba ta iso ka, sai dai fitilar da aka maƙala masa ta yi walƙiya. Na'urar tana da wurin gyara: ka harba a nesa, ka faɗa mata inda ya sauka da gaske, ta daidaita lissafinta. Bayan na yi haka, harsasaina a mil guda sun daina yawo sama da ƙasa fiye da abin da bambancin gudunsu ya jawo. Ban ce ina buga farantin kullum ba. Na ce tsayin yana fitowa daidai.

Akwai ƙananan abubuwa da take lissafawa waɗanda ba za ka iya lissafa su da ka ba. Harsashi mai juyawa dama yana zamewa dama a hankali, wajen taƙi guda a yadi 1,000. Juyawar duniya ma tana taɓa shi: a arewacin duniya ya karkata dama kaɗan, in ka harba gabas ya ɗan hau, yamma ya ɗan sauka. Sababbin shiga suna son zancen nan sosai, shi ne hirarsu a wurin shan kofi. Gaskiya 'yan inci ne. Iskar da ba ka lura da ita ba za ta shanye su duka ta nemi ƙari.

To, ga inda nake so mai niyyar saye ya buɗe kunne. Yawancin mutane suna ganin farfelar nan su ɗauka sun sayi maganin iska. Farfelar tana auna iskar da ke kaɗa ta, a inda kake tsaye, ba ƙari. Harsashi kuwa zai ratsa kusan kilomita guda, ta kan kwari, ta gefen tudu, kuma a tsakiyar tafiyarsa yana sama da layin idonka da wasu mitoci, inda iska ta fi ta ƙasa ƙarfi. Iskar mil 10 a awa da ke zuwa daga gefe tana ture harsashina kusan mita ɗaya da santimita 70 a yadi 1,000. Wato kowane mil guda na iska santimita 17 ne. Farantin rabin mita, daga tsakiyarsa zuwa baki santimita 25. Ka yi kuskuren mil biyu kacal, ka tashi a tutar babu. Kuma wa zai rantse ya bambance iskar mil 6 da ta mil 8 a kan wani tudu da ke can nesa?

Wani dattijo da muke yawan haɗuwa a fili, tsohon makiyayin shanu ne daga yammacin Texas, shi ma yana da tasa na'urar amma sau ɗaya yake dubata da safe ya jefa a jaka. Sauran yinin idonsa na cikin madubin hange. Ya nuna mini yadda ake mayar da madubin ya ɗan dushe daga kan faranti, ya kama tsakiyar fili, sai kawalwalniya ta bayyana. In tana tashi tsaye kamar tururin tukunya, iska ta kwanta ko tana tahowa kai tsaye. In ta karkata, ta fara motsi. In ta kwanta tana gudu a miƙe, ta yi ƙarfi, kuma daga wajen mil 12 ba ta ƙara gaya maka komai, sai ka koma ga ciyawa da ƙura da rassan itace. Yakan ce mini in jira, in bar wannan ta wuce, in harba a irin iskar da na yi wa lissafi. Wani lokaci minti biyar muna kwance ba wanda ya taɓa kunama.

A nan amfanin Kestrel ya zama na malami, ba na boka ba. Tana riƙe lambobi biyu, matsakaiciyar iska da mafi ƙarfinta, ta nuna maka gyaran kowacce, ka san iyakar da harsashinka zai faɗa a ciki. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne yawo da ita ba bindiga. Ina tsaye a wurin ajiye motoci, in ji iska a fuskata, in dubi ganye, in ce mil 5 ce, sannan in ɗaga na'urar in gani. Uwargida ta sha tambayata ko lafiya. A hankali fata da ido suka fara koyon lambobi, kuma wannan ilimin shi nake kaiwa can tsakiyar fili inda farfela ba ta isa.

Wajen riƙo ba ta da matsala. Ruwa ba ya shigarta, in ta faɗa ruwa ma tasowa take yi, batir ɗaya ƙwal na AA take ci, kuma mai lithiyam ake so a sa mata. Farfelar ana cire ta a sa sabuwa da hannu. Abubuwa biyu ne sai ka kiyaye. In ka bar ta a kan tabarma cikin rana ko a aljihu, zafin jikinta za ta auna, don haka ka rataye ta a inuwa ko ka kaɗa ta da igiyarta na ɗan lokaci kafin ka karanta. In kuma ka canja batir, ka sake daidaita kamfas ɗinta, ka riƙe ta a tsaye kana juyawa a hankali, domin da shi take sanin inda kake fuskanta da inda iska ke fitowa. Allonta ƙarami ne, da maɓallai ake bi, shi ya sa nake shigar da bayanan bindiga ta manhajar waya in tura mata ta Bluetooth. Tana ɗaukar bindigogi har 30, ni da nake da ɗaya ban san me zan yi da sauran gurbin ba.

Kafin ita na yi amfani da wata 'yar na'urar auna iska mai arha da na saya a intanet, haɗe da manhajar lissafi ta kyauta. Farfelarta ta fara ciza bayan ƙura ta shige ta, manhajar kuma daga tashar yanayi mafi kusa take jawo bayanai, wadda kan yi nisan kilomita da yawa, a filayen da sau tari ko layin waya babu. Duk da haka, har yadi 600 haɗin nan ya wadatar da ni, kuma zai wadatar da kowa. Wanda bai wuce nan ba, ya sa dala 700 ɗinsa a harsashi da kuɗin fili. Wanda bai mallaki abin auna gudun harsashi ba, shi ya kamata ya fara saye. Akwai kuma 5700 ɗin da ba Elite ba, mai sauƙin kuɗi, wadda ake iya biya daga baya a ɗaga ta, ita nake nuna wa mai farawa. Elite ɗin ta wanda ya riga ya saba da yadi 1,000 ce yana hangen mil guda, ko mai yawo da bindigarsa tsakanin bakin teku da kan tsauni.