Commodore 64 da Modem: Wace Manhaja Za Ka Ɗauka?

Idan ka samu tsohuwar Commodore 64, wadda ta fito a 1982, kana son ta kira wata kwamfuta ta modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, kada ka fara da zaɓen manhaja. Fara duba modem ɗin da ke hannunka. Commodore 1650 da 1660 ba sa jin umarnin AT, wato gajerun umarni da ake rubuta wa modem, da kamfanin Hayes ya kawo a 1981, manhajar ce da kanta take ɗaga layi ta buga lamba. Shi kuwa 1670, mai gudun bit 1200 a daƙiƙa, yana jin AT. Ka zaɓi 1660 a saiti alhali 1670 ka jona, to ka kwana kana danna maɓalli, shiru kake ji.

Ni dai CCGMS nake ba mutane shawara, ba na ɓoyewa. Craig Smith ne ya rubuta ta tun shekarun 1980, kuma har yanzu masu sha'awa suna gyara ta. Ba ta da nauyi, ba ta ɗaukar lokaci wajen lodi, wanda duk ya taɓa zaman jiran diraib 1541, na'urar karanta faifan Commodore, ya san darajar wannan. Babban abin da ya ja ni gare ta shi ne PETSCII, wato haruffa da launukan Commodore na kanta. Allunan BBS na Commodore, wato kwamfutocin da ake kira don karanta saƙonni da sauke fayil, da su ake zana su, a CCGMS kuma suna fitowa tsaf yadda mai su ya tsara. Tana aika fayil ta hanyoyin da ake kira Punter da Xmodem, sababbin fitowarta kuma sun san katirij ɗin SwiftLink mai kaiwa gudun 38,400, da modem ɗin WiFi na zamani da ake jonawa a ramin User Port.

Novaterm ta Nick Rossi tana da Zmodem, wata hanyar aika fayil, da ANSI, tsarin launukan allo na PC, da layi mai haruffa 80, amma haruffan sirara ne, a tsohuwar talabijin sai ido ya yi ruwa. DesTerm kuwa ta Commodore 128 ce, ba taka ba ce.

Yanzu ga inda wuta ta ƙona ni. Ramin User Port da bolt 5 yake aiki, modem na PC mai RS-232, tsarin mahaɗinsa, kuwa yana iya turo har bolt 12, sama da ƙasa. Dole a sa adafta a tsakani, irin VIC-1011A. Kuma kada ka kuskura ka jona ko ka zare komai kwamfuta tana kunne. Na yi sau ɗaya, aisin CIA 6526, ɗan guntun lantarkin da ke kula da ramin, ya mutu nan take.

Neman madadinsa ya fi mutuwarsa ciwo. An daina ƙera wannan aisi da daɗewa, amma a intanet sai ka ga wani yana tallar guda ɗari wai sababbi dal. Biyu na saya wajen wani, duka jabu: an kankare saman wani aisi an buga masa 6526. Sati guda ina zargin manhaja, ina sauya saiti. Idan ka ga saman ya yi baƙi wuluk, rubutun ya cika fari, ko duk tarin kwanan wata ɗaya ne, bar masa kayansa. Goga ɗan asiton, sinadarin da ke narkar da fenti, da auduga, fentin jabu yakan biyo audugar. Mai sayar da modem ya ce maka “an gwada”, tambaye shi da wace manhaja, a wane gudu, ya turo maka hoton allon da ya nuna CONNECT kafin ka tura ko sisi.